Ƙarƙashin Motar Alhaji

Akwai wani mutumin wajenmu da ya daɗe a Toronto ta ƙasar Kanada. Allah ya hore masa, ya sayi mota mai kujeru bakwai, ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Kowace Juma'a da hantsi sai ya fito da tsumma da man goge fenti, ya bi ta lungu-lungu har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, sannan ya kama hanyar masallaci.

Maƙwabcinsa wani dattijon bakanike ne da ya ajiye aiki. Da hunturu ya shiga, ya lura motar tana dawowa da busasshen farin tabo a gindin ƙofofi, sai ya ba Alhaji shawarar ya riƙa kai ta wurin wankin da ake feso ruwa ta ƙasa, ko da sau ɗaya a mako biyu, a ranar da sanyi ya sassauta don kada ruwa ya daskare a makullai. Alhaji ya yi godiya, a ransa kuwa ya ce wa zai kwanta ya leƙa ƙarƙashin mota? Abin da ake ƙarawa na wankin ƙasa bai taka kara ya karya ba, shi dai ya ga asara ce.

Dattijon kuwa ya san abin da yake faɗa. A can, duk tsawon hunturu motocin hukuma ke bin tituna suna watsa gishiri, domin yana narkar da ƙanƙara ya hana santsi. Kanada kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 5 a shekara, kuma a lardin Ontario ɗin da Alhaji yake, a Goderich, ake haƙo shi daga ƙarƙashin tafkin Huron. Idan sanyi ya zarce digiri 10 ƙasa da sifiri gishirin yakan yi rauni, sai a kawo wasu sinadarai masu janyo danshi daga iska, su manne wa ƙarfe su hana shi bushewa. Taya ta kwashi wannan caɓi ta cusa shi kowane saƙo: shasi, salansa, bututun mai, da siraran bututun birki. Har a 2015 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka sai da ta gargaɗi masu tsofaffin motoci a jihohin da ake zuba gishiri su riƙa wanke ƙarƙashinsu, bayan ta daɗe tana binciken fashewar bututun birki. Alhaji kuma da ya dawo sai ya shige da ita gareji mai ɗumi, yana ganin gata ya yi mata, alhali ɗumin ne ke narkar da ƙanƙarar, ruwan gishiri ya kwana yana cin ƙarfe.

Shekaru suka ja, ya tashi sayarwa. A Ontario sai da takardar shaidar lafiyar mota mai saye zai hau da ita titi, don haka aka ɗaga ta sama. Bakanike ya sa sukudireba ya danna shasi, ƙarfe ya riƙa ɓarewa yana zuba kamar ƙanzo. Aka hana takarda.

Da labarin a nan ya tsaya, da sai mu ce sakaci ne, kowa ma yana yi. Amma Alhaji ya sayo baƙin fenti mai kauri ya feshe ƙarƙashin tas, ya sa ta a jirgin ruwa zuwa Legas, ya ɗaga waya.

"Ƙanena, na samo maka mota. Ba ta taɓa haɗari ba."

"Yaya, abin da ya fito daga hannunka ai ba sai na duba ba."

Yaron ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya biya Yaya, ya biya kwastan, ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Kano da Kaduna. Ba a rufa damina ba, wata rana yana shiga wani gari mai kasuwa a bakin titi, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya tsare, tulin yashi ya tare su, ba a rasa rai ba.

Bakaniken da ya shiga rami ya kankare fentin da farce, ya ɗago da guntun bututu a tafin hannu, ja jawur, man birki yana ɗiga.

"Maigida, wannan ta sha gishiri. Wanda ya yi fentin nan kuwa ya ga abin da yake rufewa."

Yaron bai ce komai ba. Har yau bai gaya wa mahaifiyarsu ba, kuma duk Sallah shi ke fara kiran Yaya ya gaishe shi. Da zancen motar ya taso, Alhaji cewa ya yi titunan gida ne ba su da kyau.

Ban faɗi suna ba, ban faɗi unguwa ba. Amma duk wanda yake da mota a cikin jirgi yanzu haka, kuma ya san abin da ke ƙarƙashinta, ya ji tsoron Allah ya kira wanda zai karɓe ta ya gaya masa tun kafin ta iso Legas.