Mutuwar Da Ba A Aike Ta Ba

Kamfanin Sierra na Amurka, wanda ya ƙirƙiri wasan kwamfuta na King's Quest, ya mai da kashe ɗan wasa sana'a. Ka taka bakin dutse, ka mutu. Ka leƙa rami don ganin abin da ke ciki, an yi jana'iza. Mafi ciwo kuwa yana cikin King's Quest V na 1990: idan kwaɗayi ya sa ka cinye kek ɗin da ka saya, sai ka yi doguwar tafiya kafin ka haɗu da dodon ƙanƙara, wanda da wannan kek ɗin ake jifansa a fuska. Ashe tun a gidan burodi ka rasu, labarin ne bai iso ka ba.

Ron Gilbert na Lucasfilm ya ga abin ya isa. A wasansa The Secret of Monkey Island, shi ma na 1990, jarumin, Guybrush, na alfaharin riƙe numfashi minti 10. Kafin ya mutu sai ka bar shi cikin ruwa har lokacin ya cika, da gangan. Kuma an samu bayin Allah da suka zauna suna kallon agogo.

A wasan harbe-harbe mutuwa halas ce, saurin hannu ake gwadawa. Amma wasan da ya ce ka taɓa komai, ka bincika ko'ina, sannan ya kashe ka don ka taɓa, mai tsire ne da ya miƙo maka ɗanɗano ya bi ka da mari. Gilbert ne da gaskiya.