Zuwa ga Ardo na Ajingi, bawan Barebari

 An ce ranar kasuwa ka tsaya kana cika baki, wai Fulani sun fi kowa yawa daga Gaya har Ajingi. To wa ya ƙirga ku?

Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum 201,016, ta ba Ajingi 174,137, amma takardar ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Gwamnati ta san halin 'yan ƙasa, ta kauce wa rigima. Tun daga nan ba a sake wata ba, ta 2023 ma aka ɗage. Saboda haka lissafinka na cikin ƙwaryar nono ne.

Ko da ma an tambaya, Allah ya ji ƙan malamin ƙidayar da ya faɗa rugarku. Mutumin da kunya ta hana shi faɗin sunan ɗan farinsa, shi zai lissafa maka iyalinsa? Ka ce "'ya'yanka nawa?" ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sanda. Kakanninku kuwa da sun hango mai alƙalami sai su kora rabin shanun daji, don a zatonsu jangali ne. Abubakar Rimi ya soke jangali tun 1979, ku har yau ba ku yarda ba.

Sannan a wane layi za a rubuta ka? Fulatancinka bai wuce "jam" ba. Gyatumarka Bahaushiya ce, gero kake nomawa a Toranke, saniya ɗaya ke gare ka, ita ma ta kiwo ce. Haka rabin mutanen Kademi da Balare suke, auratayya ta cakuɗa su, ba mai iya tsince wake daga shinkafa.

In tarihi kake so, maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu, kuma daga Borno ya biyo, wato baƙonmu ne. Abagayawa, wato maƙeran Gaya, suka je Dala neman tama. A duk labarin nan ban ji inda aka ambaci fura da nono ba.

Na san za ka ce mu Barebarin Gaya ma mun manta yarenmu, sai zanen fuska. Wannan maganar ba da bawa ake yin ta ba. Ka aiko da man shanun bana, kuma kada a haɗa shi da ruwa irin na bara.