Masa mai sunan dutse

Ɗan ƙanena ya shiga lakwal a Gazawa. Wata uku kacal, masa ta daina zama masa. Yanzu sunanta galette.

Na tambayi mushensu asalin kalmar. Ya gyara zama, ya ce galette daga galet ta fito, wato tsakuwar bakin ruwa, sumul, mai faɗi. Ashe Faransawa sun dubi wainarsu sun ga dutse. Ban ga laifinsu ba, ban san yadda tasu ke kwana ba.

Ya ƙara da cewa a bakin 'yan Paris galette kuɗi ce. Nan na fara girmama harshen.

Ranar kasuwa na tsaya gun mai masa a tashar Gidan Rumji. Tanda na cacar mai, gero na ƙamshi, yajin ƙuli a gefe.

"Inna, kin san a Faransanci tsakuwa kike soyawa?"

Ta juya guda da tsinke, ko kallona ba ta yi ba.

"Ɗan nan, ta nawa?"

"Kuma wai sunan na nufin kuɗi."

"To wannan fassarar na iya. Miƙo dala ashirin."

Na miƙa. Na ci tsakuwa da yaji, haƙorana lafiya lau.