Idan A-kori-kurarka Ta Fara Fitsarin Kwance

Da safe ka fito, ka ga ɗigon baƙin abu a ƙasa, daidai tsakiyar tayoyin baya na a-kori-kurarka. Na san abin da za ka fara yi, don kowane mai mota haka yake yi: za ka sa takalmi ka ja ƙasa ka rufe, ka ce akuyar maƙwabta ce ta kwana a wurin. To Malam, durƙusa ka dangwala da yatsa ka shinshina. Idan ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ka wanke akuya daga zargi. Man giya ne, kuma sinadarin farar wuta da ake zuba masa ne ke ba shi wannan ƙamshi da babu turaren da ke iya masa.

Yanzu leƙa ƙarƙashi. Idan jiƙewar tana bayan taya ne, wajen burki, wannan wata shari'a ce daban. Tamu ita ce wadda za ka ga hancin tulun aksil ya yi sharkaf, daidai inda furofela ta haɗu da shi, man kuma ya fantsama ya yi wa cikin motar zane. Nan sil ɗin finiyon yake, wani zoben roba da ƙarfe da bai kai faɗin tafin hannu ba, wanda aikinsa kawai ya tsare mai a ciki yayin da sandar ke juyawa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. In ka ƙyale shi, man zai ƙare a hankali, aksil ya fara kuka kamar kura ta ga nama, boris ya ƙone, wata rana kana ɗauke da buhunan masara daga Dawanau motar ta tsaya cik a inda ko mai shayi babu.

Kafin ka zargi sil, duba hancin numfashi. A saman aksil akwai wani ɗan ƙaramin abu mai hula da ke fitar da iska idan mai ya yi zafi. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna toshe shi, iskar ta rasa hanya, sai ta tura mai ta inda ya fi rauni. Kwance shi, wanke da kananzir, hura ka ji iska na wucewa. Wanda ya sa sabon sil ya bar hancin a toshe, ya tanadi kuɗin wani sil ɗin tun yanzu.

Sayayya ba ta da yawa: sil sabo da man giya mai lamba GL-5, irin 80W-90, sai dai in aksil ɗinka na buƙatar man musamman, wanda littafin motar zai gaya maka. Ko Ƙofar Ruwa za ka shiga a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da lambar bodin motarka a rubuce. Toyota na ƙera Hilux tun 1968, saboda haka cewa mai shago "ba ni na Hilux" daidai yake da shiga kasuwar Kurmi ka ce kana neman wani mai suna Musa. Kuma komai son ka da kayan Beljiyom, ban da sil. Roba ce, in ta tsufa ta tsufa, ko daga fadar sarkin Turai aka ciro ta.

Zaɓi rana. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka taɓa wannan aiki daren jajiberin kasuwa. Cire shaddarka, sa rigar da ka riga ka yafe wa duniya, domin uwargida ba za ta karɓe ta cikin kayan wanki ba, kuma tana da gaskiya. Sannan ka shirya wa 'yan kallo. Da zarar ƙafafunka sun leƙo daga ƙarƙashin mota, mutum uku za su bayyana, kowanne yana da kawu direban tirela. Ba su benci, ba su ruwa, amma kada ka ba su sifana.

Nan kuma babu wasa. Faka a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, marar gangara, ja burkin hannu, sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba. Da zarar ka raba furofela da aksil, giyar da ka saka ba ta riƙe motar kuma. In za ka ɗaga ta, a kan ƙafafun ƙarfe za ta zauna. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulo kuwa yana fashewa ba tare da sallama ba. Ina roƙon ka da wannan, don iyalinka na jiran ka da abincin rana.

Fara da kwance murfin zuba mai, na sama, kafin ka taɓa na tsiyayewa. Mutane da yawa sun zubar da mai tas, sannan suka tarar da na saman ya yi rantsuwa ba zai motsa ba, suka zauna da busasshen aksil suna kallon juna. In ya buɗu, tara tsohon man a kwano. Ka duba abin da ya manne wa murfin ƙasa: laushin gari baƙi ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ciwon ya wuce sil.

Ɗauki fenti ko cizal ka yi alama a kan faifan furofela da faifan aksil, don su koma yadda suka saba zama, in ba haka ba motar na iya koyon rawa a kan kwalta. Kwance ƙusoshin da suka haɗa faifan biyu, ɗaure furofelar da waya a gefe, kada ta rataya a wuya.

Ga ka ga babban noti, a tsakiyar faifan. Duk aikin yau a kansa yake, sauran duk rakiya ce. Wannan noti ba riƙe faifai kawai yake yi ba. Shi ke saita yadda boris biyu na finiyon ke matse, kuma a yawancin waɗannan motoci akwai wani siririn bututun ƙarfe a tsakaninsu da aka yi shi don ya ɗan lotse daidai gwargwado idan an ɗaure. Ya lotse, ya lotse ke nan, ba ya dawowa. In ka sassauta notin, finiyon zai riƙa wasa, haƙora su ci juna. In ka zarce, boris zai yi zafi ya mutu cikin 'yan makonni. Tun ran gini ran zane: kafin sifana ta taɓa shi, ja layi ɗaya da ya ratsa kan sandar, da notin, da faifan. Ƙirga zaren da ya leƙo a waje, rubuta a takarda, ɗauki hoto da waya. Kada ka ce za ka tuna, don a daidai lokacin ne mai kawu direban tirela zai fara ba ka labarin hanyar Agadas. Buɗe bakin notin da aka danne cikin tsagi, riƙe faifan kada ya juya, sannan ka kwance kana ƙirga zagaye da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya.

Zaro faifan da abin zaro boris. Guduma ta huta, domin duk dukan da ka yi masa boris ne ke sha. Ɓamɓare tsohon sil a hankali, kada ka karce mazauninsa. Sai ka bi wuyan faifan da farce, inda leɓen sil ke gogawa. In farcenka ya faɗa rami, faifan ma ya gama aiki, sabon sil ba zai toshe kwari ba.

Goge wurin fes. Shafa ɗan giris a leɓen sabon sil, gefen da ke da siririn sifirin ya kalli ciki, wajen mai. Buga shi a hankali, zagaye-zagaye, da wani abu mai faɗinsa, har ya zauna daram babu karkata.

Mayar da faifan yadda alama ta nuna, mayar da notin da ka ciro, domin layin da ka ja a jikinsa yake. Yanzu ne za ka sa ido a kan yaron gareji, in kana da shi. Akwai wani irin yaro da Allah ya hore wa ƙarfi, wanda da ya ga babban noti sai ya nemo dogon bututu ya zura a sifana, ya taka da ƙafa, yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Aike shi sayen ƙosai, can nesa. Kai da kanka za ka ɗaure, kaɗan-kaɗan, kana ƙirga zagayen da ka rubuta, har layukan nan su haɗu. In ka wuce da nisa, ja da baya ba ya gyarawa, sai an buɗe an sa sabon bututun. Da layi ya haɗu, jijjiga faifan ka ji babu wasa, danne bakin notin cikin tsaginsa, ɗaura furofela.

Mayar da murfin ƙasa, zuba mai har ya fara dalala daga ramin sama, rufe, goge ko'ina. Yi tafiyar kilomita 10 ko 15, ka saurara da kunnen mai jiran baƙo. Tsaya ka kai bayan hannu kusa da hancin aksil. Ɗumi ba laifi, amma in ya yi zafin da za a soya ƙwai, notin ya matsu da yawa, kada ka ƙara ko taku ɗaya da kaya. Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, da safe ka duba. In ya kwana a bushe, je ka nemi afuwar mai akuya.

Ɗan'uwa, in tun kafin ka fara aksil ɗin yana kuka, ko faifan yana girgiza a hannunka, ajiye sifana ka kai wa bakanike mai sifanar awo, ka tsaya a kansa har ya auna.