Inda Ba a Ɗora wa NEPA Laifi

A Kano, idan injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta ya tsaya cak, an san mai laifi tun kafin a buɗe akwatin wuta: NEPA. Sunan ya daɗe da mutuwa, amma har gobe shi ke shan zagi. To, a unguwar masana'antu ta kudancin Jidda babu wannan sauƙin. Wuta na nan daram, inji ya yi gum, allon kwamfutarsa ƙirar Fanuc sai lambar gargaɗi yake nunawa.

Sai a kira mai gyara. Ya fito da mita, ya auna bolt 24 ɗin da ke ciyar da sashen sarrafawa, ya duba fis, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa aikin Bahar Maliya ne: iska mai laima da gishiri ta sa bakin wayoyi tsatsa, ƙura ta toshe matatar fanka, akwati ya ɗau zafi. Wani lokaci kuma tsohon inji ne daga Turai, an ƙera famfonsa don wuta mai bugu 50 a daƙiƙa, alhali ta Saudiyya 60 ce, sai ya riƙa gudu kamar ɗan adaidaita ya hango 'yan KAROTA.

Wanda ya fi ciwo shi ne a daɗe ana haɗa gumi, mai masana'anta na tsaye yana ta "yalla, yalla", sannan yaron shago ya matso yana sosa ƙeya:

"Oga, wannan jan maɓallin na tsayar da inji... ɗazu fa na ɗan jingina da shi."