Hutu a Korniliya

Korniliya ɗaya ce daga ƙauyuka biyar na Cinkwe Terre, a gaɓar tekun Liguriya ta ƙasar Italiya. Ita kaɗai ce jirgin ruwa ba ya tsayawa a wurinta, domin a kan dutse take, kusan mita 100 sama da teku. Baƙo kan sauka daga jirgin ƙasa yana jan akwati mai taya, sai ga matakala sama da 370. Nan tayar ke yin ritaya, akwatin ya koma ka. Akwai ƙaramar bas, amma galibi sai an kai sama ana haki ake jin labarinta. Hutun kwana biyu kan kasu biyu: ranar hawa da ranar jinyar gwiwa. Tsofaffin garin kuwa sukan wuce baƙon da cefanensu, ko gumi babu.