Maginin Rumbu Ɗan Jam'iyyar Tau Ne

Kun fara taɓe baki ke nan, mutanen Sabon Birni: "Mi ag gaminmu da gardamar Turawa?" Ku yi haƙuri, jikokin Bawa Jan Gwarzo, tuni kun shiga cikinta tsundum ba ku sani ba.

Malamin lissafi ya haddatar da ku Pai, 22 bisa 7, wato abin da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, wajen 3.14. Sai a 2001 Bob Palais na Jami'ar Utah ya ce ai tun farko ba wannan lamba ya kamata a naɗa wa rawani ba. A 2010 Michael Hartl ya tsayar da ɗan takara, Tau, ninkin Pai, 6.28, har da ranar bikinsa, 28 ga Yuni. Hujjarsu: daga tsakiya ake zana da'ira, don haka da nisan tsakiya zuwa baki ya dace a auna. Zagaye guda Tau guda, rubu'in zagaye rubu'in Tau. A gidan Pai kuwa rubu'in zagaye rabin Pai ne, kan ɗalibi ya ɗaure.

Na ji dariyarku har garin Isa. To, ku je ku kalli mai gina rumbu. Turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana shata ƙasa. Ku auna shatar: igiya shida da ɗan ɗori. Baba magini ɗan Tau ne, katin jam'iyya kawai ya rasa.

Mai neman murfin rijiya fa? Shi daga baki zuwa baki zai gitta sanda, wa zai tsaya a tsakiyar rijiya? Nan kam Pai ya ci zaɓe, ban musa ba.

Batun Turawa kuma, a janye shi. A 1424, a Samarkand, Jamshid al-Kashi ya lissafa wannan ninkin Pai ɗin har gurbi 16 bayan ɗigo, kusan ƙarni uku kafin William Jones ya laƙaba wa Pai harafinsa a 1706.

Ni dai na bi Baba magini. Amma kai mai zana WAEC bana, in takarda ta ce a ɗauki 22 bisa 7 ka rubuta Tau, ranar sakamako kada ka ce wa Inna ni na aike ka.